Inda muke kai Abban yara wankin ƙoda, ga yadda na ga wurin

Masu tambayata ina muke zuwa wankin ƙoda, bari in yi bayani kowa ya gani. Asibitin kuɗi ne a nan Kano, ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi.

Hawan jini ne ya cinye masa ƙodar. Likita ya ce sau 3 a sati ya kamata, kowane zama awa 4 a kan inji, mu dai sau 2 muke iyawa, shi ma sai da na sai da sarƙata, yayansa ya ɗauki kuɗin allurar ƙarin jini, babbar ƴarmu kuma muka ciro ta daga firamaren kuɗi.

Tsafta ba laifi, janareta na tashi da wuri in an ɗauke wuta. Amma wallahi abin da ya riƙe ni ma'aikatan ne. Wata nas ta zaunar da ni ta min bayanin abinci dalla-dalla, a rage gishiri da magi, a yi hankali da ayaba da lemu da dabino, ruwan sha ma sai an auna, hannun da aka yi masa fistula (wato inda aka haɗa jijiyoyin jini don a riƙa jona shi da inji) kar a ɗaura masa abin awon jini kar kuma ya kwanta a kai, tana gamawa sai ta ce "to ke fa Maman yara, kina samun barci kuwa?" Kuka kawai na sa, don kowa ya zo dubiya ya mai jiki yake cewa ya wuce.

Faɗan da yake yawan yi, da sanyin da ya shiga tsakaninmu a harkar aure har na fara zargin ko ya gaji da ni ne, likita ya faɗa mana mu biyu cewa ciwon na kawo haka. Hajiyarsa ma likitan ne ya lallashe ta ta daina aiko jiƙe-jiƙe, ni da na faɗa ai cewa aka yi na hana shi magani.

Ƙorafina, benci ɗaya ne na masu jinya kuma a rana yake, sannan ba a hawa inji sai an biya cif, ko da mutum na haki ƙafa ta kumbura. Wannan yana min ciwo sosai.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, in akwai kusa da ku dan Allah ku fara neman gurbi can kafin ku zo na kuɗi.