Gilashin Ronchi ko gwajin tauraro: wanne ke kama astigmatizim a madubin hangen taurari da aka niƙa a gida?

Malam, kan zancen madubinka mai inci 6 na na'urar hangen taurari da kake zargin yana da astigmatizim, wato ya fi zurfi ta wata fuska, har kake tunanin yin odar gilashin Ronchi, mai siraran layuka a jere da ake duba siffar madubi da shi: riƙe kuɗinka tukuna. Je wurin mai gyaran babur ya ba ka ƙwayar boris guda mai sheƙi, ka yi gwajin tauraro, wato ka leƙi ɗigon haske ta na'urar ka ga siffarsa.

Ina da gilashin Ronchi mai layi 133 a inci ɗaya, yana nan cikin gwangwani. Ba na ce bai da amfani ba. Tun 1923 da Vasco Ronchi na Italiya ya fito da hanyar ake morarta, kuma tana saurin nuna bakin madubi da ya zube ko wani zobe da ya fi zurfi. Amma a kan astigmatizim malalaciya ce, sai abin ya yi muni za ka ga layukan suna karkacewa in ka ratsa fokas, wato inda madubi ke tara haske. Gwajin kaifin wuƙa na Foucault ma haka, don shi layi ɗaya yake aunawa daga gefe zuwa gefe, alhali ciwon nan shi ne madubi ya fi zurfi ta wata fuska, ya bar siffar ƙwarya ya koma ta cokali.

Nawa madubin irin naka ne, inci 6, fokas ɗinsa wajen santimita 120. Na yi makonni ina zagaya duron da na ɗora shi a kai ina niƙa da gogewa, Ronchi ta nuna min layuka lafiya lau, har na fara cika baki a gida. Wata safiya na ɗora ƙwayar boris kan baƙin ƙyalle a bisa katanga, mita talatin da 'yan kai daga inda nake, rana tana bayana. Ɗigon hasken da ke kan ƙwayar shi ne tauraronka. Ko ba a shafa wa madubi alminiyam ba, kashi 4 cikin ɗari na hasken da gilashi tsura ke mayarwa ya isa. Na sa gilashin leƙawa mai milimita 6, wato girma ya ninka sau 200. Da na shiga cikin fokas kaɗan, maimakon da'ira sai ga ƙwai a kwance. Na fito waje kaɗan, ƙwan ya miƙe tsaye. A tsakiya kuma ɗigon ya ƙi tsukewa, ya yi wani ɗan gicciye. Gwiwata ta yi sanyi, amma cikin minti biyu ƙwayar da aka ba ni kyauta ta faɗa min abin da gilashin da na jira wata guda bai faɗa ba.

In ka ga ƙwan, kada ka yi saurin ɗora wa madubin laifi. Karkata kanka: in ƙwan ya bi ka, idonka ne. Duba ko ka daidaita madubai biyun na'urar, babba da ƙarami, sosai, sannan ka sassauta ƙarafan da suka riƙe babban, ya zama katin waya zai iya shiga tsakani, domin matsi na lanƙwasa gilashi, sau da yawa har ya ba da siffa mai kusurwa uku. Ka bar shi ya huce daidai da iskar waje. Sai ka yi alama da alƙalamin maka a gefensa, ka juya shi digiri 45 a mazauninsa. In ƙwan ya juya tare da alamar, ciwon a jikin gilashin yake. In ya tsaya inda yake, ka tuhumi ƙaramin madubi ko mazaunin. Da safe za ka yi, kafin ƙasa ta ɗau zafi hoto ya fara rawa. Tauraron gaske ya fi, sai dai Polaris, tauraron arewa da littattafan Turawa ke cewa a duba don kusan ba ya gusawa, a Kano digiri 12 kacal yake sama da ƙasa, cikin ƙura da hazo. Zaɓi wani mai haske da ke saman kai, ka jure binsa.

Gyara kuwa, in ƙwan da ƙyar ake ganinsa, gogewa a kan faifan kwalta da ake fito da sheƙi da shi na iya cinye shi, muddin kana juya madubin a kai a kai, kana gajerun turi. In ya fito ɓaro-ɓaro kamar nawa, kada ka wahalar da kanka, koma niƙa. Ni laifina biyu ne: bayan gilashin ba a miƙe yake ba, kuma ina zagaya duro amma madubin na zaune wuri ɗaya. Na fara niƙe bayan ya kwanta sumul, na shimfiɗa guntun kafet a ƙarƙashi, na bar 'yan katakon da ke tare shi sako-sako, na koma garin niƙa mai laushin maikron 25 zuwa ƙasa, ina ɗaga madubin ina juyawa bayan kowane zubi. Sheƙin makonni ya tafi a zama ɗaya, maiɗakina har tambaya ta yi ko lafiya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da gilashi a intanet. Wani ya taɓa turo min faifai da sunan Pyrex, gilashin nan mai jure zafi, ashe gilashin tebur ne da aka gasa don ƙarfi, irin wanda ke wargajewa kamar tsakuwa. Akwai kuma mai ɗauke da matsi a ciki saboda ba a bar shi ya huce a hankali ba, wannan ko ka niƙa sau goma siffar za ta sake motsawa. Buɗe farin shafi a allon laftof, ka riƙe gilashin a gabansa, ka leƙa da tabarau mai polarais, irin mai kashe ƙyalli, kana juya tabarau ɗin har allon ya yi duhu. In ka ga launuka ko baƙin gicciye mai kauri, mayar masa da kayansa. Ka tambayi kauri ma kafin ka biya: tsohuwar ƙa'ida kashi ɗaya cikin shida na faɗi ce, wato inci ɗaya ga madubi irin naka. John Dobson, sanannen maƙerin na'urorin hangen taurari a Amurka, ya yi nasa da siraran gilasan tagar jirgin ruwa, amma ya san yadda ake tallafe su.

Gwada ƙwayar boris ɗin gobe da safe, ka zana mana siffar da ka gani ciki da wajen fokas, da inda alamar maka take kowane karo.