Tsohuwar Chevrolet ta sojan Amurka ko Shas ta gwanjon gwamnati?

Ƙanena, Allah ya sa albarka a kiwo. Ka ce ka samu a-kori-kura biyu. Ɗaya Chevrolet M1008 ce ƙirar 1985 wadda ta yi aikin sojan Amurka, mitarta na nuna ba ta yi tafiya sosai ba, kuma kuɗinta da sauƙi. Ɗayar Land Cruiser ce, wadda muke kira Shas a nan Saudiyya, ƙirar 2004, ta fito daga gwanjon motocin gwamnati, kuɗinta ya kusa ninka na waccan. Abin da kake so ka riƙa yi da ita shi ne kai sha'ir da barsim (ciyawar dabbobi) da tankin ruwa garken tumakinka ta wajen Usfan, arewa da Jidda, wani lokaci kuma ka shiga Makka. Kana tambaya wacce za ka ɗauka.

Shas zan ce maka. Amma Chevrolet ɗin ba motar rainawa ba ce, akwai wuraren da ta fi, kuma ya kamata ka san su kafin ka juya mata baya.

Mu fara da takarda, domin motar da ba ta da istimara, wato takardar rajistar mota, a ƙasar nan tarin ƙarfe ce kawai. Dokar Saudiyya ba ta yarda a shigo da ƙaramar mota ko a-kori-kura da ta haura shekara 5 don hawa ba, saboda haka duk wanda ya ce maka zai kawo M1008 daga waje ya yi mata lamba, ka bar shi da maganarsa. Dole ta kasance tana da lambar Saudiyya tun tuni, lambar shasi ta yi daidai da ta istimara, launin jikinta ya yi daidai da wanda aka rubuta. Ita ma Shas ɗin ba ta tsira ba: daga cikin motocin gwanjo akwai waɗanda ake sayarwa don a farke a yi kayan gyara, ba don su koma titi ba. Ka nemi takardar gwanjon ka karanta da idonka. Idan kuma iƙama gare ka, wato katin zaman baƙo, ka fara zuwa Murur, ofishin 'yan sandan hanya, ka ji ko sana'ar da ke rubuce a kanta ta ba ka damar mallakar mota mai lambar ɗaukar kaya. Kada ka yarda a bar ta da sunan wani a ce maka ai amana ce. Sai an gama fahas, wato binciken lafiyar mota, an yi inshora, an juya suna, sannan kuɗi ya bar hannunka.

A wajen ɗaukar kaya Chevrolet ce gaba. An ƙera ta ne ta ɗauki kusan kilo 1,300, kuma bayanta ya kai ƙafa 8. Aksil ɗin gabanta Dana 60 ne, na bayanta kuma irin mai noti 14 ne na kamfanin GM, da makullin da ke sa tayoyin baya biyu su juya tare idan ɗaya ta fara sulɓi. Waɗannan ƙarafa ne da ba kasafai suke karyewa ba, har a Amurka mutane kan sayi motar don su kawai. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cif, kuma za ta ɗauka ka ƙara mata buhunan sha'ir huɗu ko biyar ba ta zauna ba. Shas kuwa wajen tan guda ne iyakarta. Na san mutanenmu suna loda mata fiye da haka, amma sifirin da birki ne ke biyan bashin daga baya.

Da zarar an hau kwalta sai labari ya juya. Injin M1008 dizal ne mai silinda 8, lita 6.2, ba turbo, ƙarfinsa doki 135 kacal a kan mota mai nauyin kusan kilo 2,700 ba kaya. Giyarta mai canza kanta ce, TH400, hawa uku, babu ta huɗu da za ta sassauta wa inji. Ga aksil da aka yi wa lissafin ja, 4.56, ba na gudu ba. Sojoji sun tsara ta ne a kan mil 55 a awa, wato kilomita 88 ko 89. Idan ka kai ta 100, injin yana juyi kusan 3,000 a minti, ƙara ta cika gidan direba, zafi na hawa. Ka tuna titin Jidda zuwa Makka da yadda ake gudu a kansa, ka tuna cewa tun 2018 an kai iyakar gudu a wasu manyan hanyoyi, har da ta Makka zuwa Madina, kilomita 140 a awa. Za ka zauna a layin dama tare da tireloli kullum. Hawan Ɗa'if da kaya kuwa ba na ba ka shawara. Kuma ba ta da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, haka ta fito daga masana'anta. Wanda ya san Usfan a watan Yuli ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shas ta 2004 mafi yawanci injin fetur ne, 1FZ mai lita 4.5, silinda 6 a jere, da giyar hannu biyar. Tana zuwa 120 ba gardama. A rairayi ma ta fi sauƙin hali saboda ta fi waccan rashin nauyi, ka rage iskar taya ta wuce. Tun 1999 da aka koma samfurin 79 aka sa mata sifirin mai murɗi a gaba, sai jijjigar ta ragu a kan tsohuwar 75.

Inda nake so ka tsaya ka saurare ni sosai shi ne wutar Chevrolet ɗin. Ba 12 ba ce zalla, ba kuma 24 ba ce zalla, haɗi ce. Batir biyu, caja biyu. Fitilu da sauran kayan gidan direba suna cin 12, sitata tana cin 24, don ta iya karɓar wuta daga sauran motocin soja. Ɗaya daga cikin cajojin an keɓe ta ne, ba a haɗa wayarta ta ƙasa da jikin mota kamar yadda aka saba ba. Mai gyaran wayar da bai san haka ba zai ɗauko cajar Chevrolet ta gama-gari ya ɗaura, daga nan sai hayaƙi. Hitocin da ke ɗumama inji kafin ya tashi su ma 12 suke ci, ta hanyar wani ƙarfen rage wuta da ke jikin bangon bayan inji. Idan hita ɗaya ta mutu, wutar da ke zuwa wa sauran sai ta ƙaru, su riƙa mutuwa bi da bi, wata ma ta kumbura ta maƙale a ciki. Akwai kuma wani ƙaramin rile na sitata a ƙarƙashin dashbod da ya yi ƙaurin suna wajen maƙalewa, sitata ta yi ta juyi har ta ƙone. Duk waɗannan suna gyaruwa, kuma ba su da tsada a wurin wanda ya san su. Matsalar ita ce a sina'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran mota, ba kowane gareji ne ya taɓa buɗe irinta ba, kuma mota mai shekara 40 hannaye da yawa sun riga sun shiga wayoyinta.

Injin ma yana da nasa hali. Robar da ke cikin fulin gaban karanshaf idan ta bushe ba a canza ba, karanshaf ɗin kan iya karyewa. Idan aka cire ƙarfen da ke tallafe sitata aka manta ba a mayar ba, nauyinta kan tsaga jikin inji. Ka leƙa kuma inda akwatin sitiyari ya kama shasi, a nan irin wannan ƙirar ke tsagewa.

Mitar nan da ta burge ka, kada ka jingina da ita. Lamba biyar gare ta, da mil take ƙirga, idan ta cika dubu 100 sai ta koma sifili. Ban da haka, motar soja takan wuni a kunne wuri guda, inji yana tsufa mita ba ta motsa ba, sannan ta shekara a ajiye cikin rana robobi da tiyo su bushe. Wannan maganar ta shafi Shas ɗin gwanjo ita ma. Motar da ba ta kowa ba ce, direbobi goma sun murza ta a sahara. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka nemi walda a shasi, ka duba ramukan da aka huda a baya aka toshe, ka sa ta a giyar ƙafa huɗu ka ji ko tana shiga ba kuka, ka taka kuloci ka ji tsayinsa. Idan ta fito daga yankin bakin teku, Jazan ko Yanbu, ka ƙwanƙwasa ƙasan ƙofofi saboda tsatsa.

Su kansu Amurkawa a ƙasar nan suka ga iyakar motar. An ƙera irinta kusan dubu 70 tsakanin 1983 da 1986, asalinta motar farar hula ce aka ƙara wa ƙarfi don aikin bayan fage. An kawo su da yawa lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1990 da 1991, kuma bayan nan Humvee, motar da aka ƙera musamman don soja, ce ta ci gaba da karɓe aikin daji. Ita kuwa Land Cruiser 70 tun 1984 ake yin ta, har yau ba a daina ba.

Wannan rashin dainawar shi ne babban dalilina. Toyota tana da wakili a Saudiyya tun 1955, Abdul Latif Jameel, kuma babu garin da za ka tsaya ka rasa wanda ya san Shas ko ka rasa kayanta, sabo ko na tashlih, wato inda ake farke tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Na Chevrolet rabi da rabi ne. Ƙofa, gilashi, birki da kayan giya za ka samu a tashlihin Jidda, domin jikinta ɗaya ne da tsofaffin GMC da Chevrolet da suka cika ƙasar nan a shekarun 1980. Amma waɗancan galibi fetur ne. Famfon dizal na 6.2, da sitata mai cin 24, da waccan keɓaɓɓiyar caja, sai dai a yi maka odarsu daga waje ka jira makonni. Tumaki ba sa jiran kaya su iso daga Amurka, kullum sai sun sha ruwa.

A wajen mai, da can dizal kusan kyauta ne, yanzu ratar ta ragu. Lita ta koma riyal 1.15 a Janairun 2024, ta kai 1.66 a Janairun 2025, a lokacin fetur mai lamba 91 kuwa yana 2.18. Shas mai 1FZ mashayiya ce, ba zan ɓoye maka ba, a nan Chevrolet za ta ɗan rage maka. Sai dai abin da ka tara a wata uku, gyaran famfon dizal ɗaya zai kwashe shi. Ranar sayarwa kuma Shas ba ta kwana a haraj, wato kasuwar tsofaffin motoci, kuɗinta ba ya faɗuwa sosai, ita kuwa waccan sai ka jira mai sha'awarta.

Idan kana da wata motar da za ta riƙe maka aikin yau da kullum, kana son sifana a hannunka, kuma istimararta tsaf take, M1008 za ta yi maka daɗi a matsayin ta biyu. Amma yadda ka kwatanta min, mota ɗaya za ka saya kuma da ita garke zai ci ya sha. Idan kuɗin Shas ɗin ya yi maka nauyi, gara ka sauko ka nemi Hilux mai ƙafa huɗu ka riƙa raba ruwan sawu biyu. Idan kuwa za ka iya, ka je da bakanike ranar dubawa, ku same ta da sanyin safiya ba a tayar da ita ba tukuna, ku ɗora mata tankin cike da ruwa ku yi tafiyar rabin awa kuna kallon allurar zafi. Ka kuma ware wani abu daga cikin kuɗin don taya, batir, lagireto da canjin duk mayukanta a makon farko.