Kwana huɗu daga kai sai uwargida: wane gari, wane jirgi, kuma a hannun wa za ka yanki tikitin bizines?

Tun da muka dawo daga Istanbul ni da uwargida, abokai uku suka same ni da tambaya iri ɗaya. Mutum ya samu hutun kwana huɗu ko biyar, an samu mai riƙe yara, ya ƙudurta wannan karon a gaban jirgi za su zauna shi da iyalinsa, to ina zai nufa? Ni dai amsata Istanbul ce, ba na ɓoyewa. Amma tunda kuɗin ba na wasa ba ne, bari in baje dalilaina kowa ya auna.

A gajeriyar tafiya, barci kake saya da kuɗin bizines. Abinci mai kyau, falon jira, da akwati biyu masu kilo 32 da galibin kamfanoni ke bayarwa, duk gyara ne aka ɗora maka. Tikitin kan kai ninki uku ko huɗu na ikonomi, ga shi ku biyu ne. In kujerar ba ta miƙe ta zama gado ba, za ku sauka a gajiye, yini guda cikin huɗun ya tafi wajen ramuwar barci a otal. Saboda haka kafin sunan kamfani ya ruɗe ka, tambayi abu biyu: jirgin kai-tsaye ne, kuma wane iri ne? Manyan jirage masu hanyar wucewa biyu, irin su A330, A350, Boeing 777 da 787, su ne akasari ke da kujerar kwanciya. Ƙananan masu hanya ɗaya kamar Boeing 737, yawancinsu kujera ce mai faɗi da za ka ɗan kishingiɗa, amma sunanta bizines, kuɗinta ma na bizines.

Turkish Airlines na tashi daga Abuja da Legas kai-tsaye, tafiyar awa shida da wani abu daga Abuja, kuma agogonsu na gaban namu da awa biyu kacal, don haka jiki ba ya rikicewa. Mu A330 muka samu, mai kujeru biyu-biyu a jere. Matafiya 'yan kasuwa masu tafiya su kaɗai suna kushe wannan tsarin, wai sai ka tsallake ƙafar wani in za ka ban ɗaki. To ni ƙafar matata zan tsallake, ina ruwana? Ga ma'aurata babu tsarin da ya fi shi: kuna gefen juna, kuna hira ba sai an leƙa ta kan katanga ba, in ta ga abin da ya yi mata a farantinka ta miƙo cokali. Sai dai kamfanin na da 737 da yawa a hanyoyin Afirka, har cikin A330 ɗin ma akwai waɗanda kujerunsu ba sa kwantawa sarai, don haka a buɗe taswirar kujeru ta ainihin ranar da za a tashi a duba. Abincinsu halal ne, amma suna raba giya ga mai so. In aka zo da tire na maraba, lemon tsami da na'ana'a za ka nuna, kuma babu kunya a tambaya kafin a ɗauka.

Garin kuwa, wanda kakanninmu ke kira Santambul, kamar don masu kwana huɗu aka tsara shi. Ka kama otal a unguwar Sultanahmet ko Sirkeci, sauran duk tafiyar ƙafa ce ko jirgin titi mai lamba T1. Ayasofiya, tsohon cocin da aka gina a shekarar 537, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a shekarun 1930, aka dawo da sallah cikinta a 2020, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmet, fili ɗaya ne tsakaninsu. Mun yi sallar asuba a ɗaya, magariba a ɗayan. Bayan Ayasofiya kaɗan fadar Topkapi take, inda ake ajiye kayan tarihin da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ɗakin. Sai Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake. A kula da ranaku: Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi ta Kapalicarshi kuma tana rufe ranar Lahadi. Wanda ya sauka Asabar ya ce sai gobe zai yi wa Hajiya sayayya, ya shirya jin magana.

Abin da ya fi zauna mini a rai ma bai ci kuɗi ba. Da la'asar muka hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar da katin Istanbulkart, wanda ake hawa bas da shi. Minti kamar ashirin, ka bar Turai ka shiga Asiya. Wani dattijo na zagayawa da shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, muka sayi burodin nan mai riɗi da suke kira simit, tana gutsurawa tana jefa wa tsuntsayen ruwa suna cafewa a iska. Muna juyowa aka fara kiran magariba, hasumiya ta amsa wa hasumiya daga tsallake zuwa tsallake. Ta yi shiru can ta ce, "Alhaji, ashe haka duniya take." Watan Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba, su ne lokacin zuwa, Janairu sanyinsa ba irin na hunturunmu ba ne. Ranar dawowa kuma ku tafi filin jirgi da wuri, don ya fi kilomita 40 daga tsohon gari, kuma falon bizines ɗinsu wurin zama ne: akwai masallaci, akwai wurin wanka, masu girki na gasa burodin pide a gabanka.

Doha ce kaɗai ta sa na yi jinkiri. Qatar Airways ta fara zuwa har Kano a 2022, duk da cewa ta Abuja aka tsara jirgin ya riƙa biyawa, kuma kujerarsu Qsuite da suka fito da ita a 2017 tana da ƙofa, sannan wasu kujerun tsakiya masu harafin E da F ana haɗe su su zama gado ɗaya na mutum biyu. A hoto babu kamarta. Matsalar ita ce ba kowane jirginsu ke da ita ba, 787-8 da aka buɗe hanyar Kano da shi ba ya ciki. Kujerarsa na kwantawa, tana da kyau, amma ba ita ce ta tallan ba. Suna kuma da tikitin bizines mai rahusa da ake kira Lite, wanda ba ya zuwa da falon jira ko zaɓen kujera kyauta, ka ga ana iya raba ka da matarka a cikin jirgi. Garin tsaf yake, kasuwar Waƙif da gidan tarihin fasahar Musulunci da aka buɗe a 2008 sun cancanci gani, amma kwana biyu sun ishe ka, daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafi ya wuce digiri 40, daga mota sai kanti.

Dubai: Emirates ta dawo Legas a Oktoban 2024, Legas ɗin kawai, kuma tsofaffin 777 ɗinta na da kujeru uku a tsakiya, wato kai da matarka da wani baƙo. Alƙahira ta fi kusa, EgyptAir na tashi daga Kano kuma ba ta raba giya, ga Azhar ga dalar Giza, sai dai tafiyar gajeriya ce, in 737 ne kuma ban ga abin da za ka ninka kuɗi a kansa ba. Ka tafi a ikonomi ka zuba rarar a otal mai kallon Nilu. Landan kuwa, wahalar biza kaɗai ta fi ƙarfin kwana huɗu.

Duk wannan kwatancen banza ne in tikitin hannunka na bogi ne, kuma a nan ne aka taɓa yanka ni.

Shekara biyu kafin wannan tafiyar, wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani ejen mai ofis a saman bene, da na'urar sanyaya ɗaki da hotunan jirage a bango. Ya ba ni farashin da ya gaza na shafin kamfani da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya ce ai su suna da "alfarma ta musamman". Ya turo takarda ta WhatsApp, ga sunayenmu, ga lambar jirgi, ga wata lamba mai haruffa shida. Na shiga shafin kamfanin jirgin na saka ta, sai ga sunana da na uwargida, bizines, komai daidai. Na tura kuɗi. Ranar tafiya, ta sha lalle hannu da ƙafa, an yi sallama da dangi, muka tura akwatuna zuwa kanta. Yarinyar da ke wurin ta danna, ta sake dannawa, ta kira wani, sannan ta ɗago a hankali ta ce babu mu a jirgin. Na kira ejen, waya a kashe. Uwargida ta ja gefen rigata ta ce, "Alhaji, mu tafi gida, mutane na kallonmu." Bayan kwana uku ya bayyana yana "ranka ya daɗe a yi haƙuri, matsalar sistem ce". Sai da manya suka zauna kafin na ga rabin kuɗina, shi ma a gutsuttsure.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Lambar nan mai haruffa shida shaidar kama wuri ce kawai. Ejen na iya kama maka kujera ba tare da ya biya ko kwabo ba, ta fito a shafin kamfani na 'yan kwanaki, wa'adi ya cika ta goge kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba 13, kuma ukun farko na nuna kamfanin: 235 Turkish, 157 Qatar, 176 Emirates, 077 EgyptAir, 071 Ethiopian. Kowane fasinja da tasa, wato ku biyu lamba biyu. In babu su, ba ka da tikiti, ko da takardar ta sha tambari kala-kala. Ko an ba ka su ma tsugune ba ta ƙare ba, domin ejen na da damar soke tikiti a ranar da ya yanke shi, ko daga baya ya nemi a mayar masa da kuɗin. Don haka ka duba a shafin kamfani ranar da aka ba ka, ka sake dubawa bayan kwana biyu, ka kira ofishin kamfanin da kanka ana saura mako.

Akwai masu yi maka gauraye: zangon awa ɗaya a bizines, dogon zangon a ikonomi, a saman takarda kuma a rubuta bizines da manyan baƙi. Bi kowane zango ɗaya bayan ɗaya. Haruffa irin J, C da D na gaban jirgi ne, Y na baya ne. Akwai masu yanka maka da katin banki na sata, ko da makin tafiye-tafiyen wani, abin da kamfanoni suka hana sayarwa; ranar da aka gano, kai ne a tsaye gaban kanta, ba su ba. Akwai masu cewa ka sayi ikonomi, suna da mutum a ciki da zai ɗaga ku gaba ranar tafiya. Ƙarin matsayi na gaskiya daga kamfani yake zuwa, ta manhajarsu ko a kanta, da rasit. Akwai shafukan intanet da ke kwaikwayon na kamfanoni da na ofisoshin biza, har su biya kuɗin talla su hau saman Google. Duk wanda ya ce maka biza "tabbas ce" a hannunsa, maƙaryaci ne, ofishin jakadanci ne ke bayarwa. Kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito. Otal ma ka kira su ka ji sunanka daga bakinsu. Araha ba ta ado, balle a tikitin miliyoyi.

Ban ce ejen na ƙwarai babu ba. Akwai su, masu rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma 'yan NANTA, ƙungiyar ejen-ejen ɗin tafiye-tafiye ta Najeriya, kuma in jirgi ya canza lokaci sukan yi maka amfani. Amma asusun kamfani za ka tura wa kuɗi, ba na wani yaron ofis ba. Ni yanzu a shafin kamfanin jirgi nake yanka, ko in taka ofishinsu da ƙafata.

Can Istanbul ɗin ma akwai 'yan ƙananan nasu. Mai goge takalmi zai yar da burushi a gabanka, ka tsinta ka miƙa masa, ya nace sai ya gode maka da guga, a ƙarshe ya yanka maka kuɗi. Wasu 'yan tasi kuma ka miƙa takardar lira babba su musanya ta da ƙarama su ce ita ka bayar. Faɗi adadin da baki lokacin da kake miƙawa, ka kuma tabbata mita na aiki.

Sai takardu. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, musamman na uwargida, don yawancin matanmu sunan mahaifi ne a fasfonsu, ejen kuma sai ya liƙa mata naka. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara na cikin jaka, a kuma riƙe takardar shaidar aure, domin wasu otal a ƙasashen Larabawa na neman ta in sunaye sun bambanta. A gidanmu yanzu ita ke wannan binciken. Ba ta sauko da akwati sai ta ƙirga lamba 13 ɗin nan da yatsanta, tata da tawa, mai lalle kuwa ba a kiranta sai ana gobe tafiya.