Wanne Littafi Ya Dace a Saya Kan Yadda Ake Shirya Doctor Who?

BBC ta fara haska shirin Doctor Who, wasan kwaikwayon talabijin na almarar kimiyya, a ranar 23 ga Nuwamba 1963, ta dakatar da shi a 1989, ya kuma dawo a 2005. Littattafan da ke bayanin abin da ke wakana bayan kyamara sun yi yawa, don haka kafin mutum ya zaro kuɗinsa, sai ya tantance zamanin da yake nema, domin kowannensu da inda ya tsaya.

Mai sha'awar tsohon zamani ya nemi jerin The Handbook, littattafai bakwai da David Howe da Mark Stammers da Stephen James Walker suka fara fitarwa a 1992, kowanne daga cikin 'yan wasa bakwai na farko da suka fito a matsayin Doctor, jarumin shirin, da nasa. Na William Hartnell, Doctor na farko, ya fi armashi, saboda ya bi takardun cikin gida na BBC yana nuna yadda aka yi ta ja-in-ja kan kuɗi da ƙarancin ɗakin ɗaukar hoto. An daina fitar da bugun asali, sai dai na hannu, amma daga baya kamfanin Telos ya sake buga su a haɗe.

A ganina, wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne ya ɗauki The Writer's Tale. Wasiƙun imel ne tsakanin Russell T Davies, wanda ya farfaɗo da shirin, da ɗan jarida Benjamin Cook. A ciki ana ganin marubuci zaune da tsakar dare, wa'adin miƙa labari ya wuce, ma'aikata na jiransa, shi kuwa ko shafin farko bai gama ba. Bugun 2008 mai kwalin bango ne, amma na 2010 ya ƙaro wasiƙun har zuwa lokacin da David Tennant ya bar matsayin Doctor, kuma shi ya fi dacewa a nema.

The Complete History, wanda ke bin labaran shirin ɗaya bayan ɗaya, kundi 90 ne. Gara a tsinci kundin da ke ɗauke da labarin da ake so kawai.

Sai Wiped! na Richard Molesworth, wanda ya bi diddigin kason shirin da BBC ta goge ko ta zubar. A nan a lura da shekarar bugu, domin na 2010 ya fito ne kafin Philip Morris, mai farautar tsofaffin shirye-shiryen da suka ɓace, ya gano kashi tara da suka ɓace a wata tashar talabijin da ke Jos, abin da aka sanar a Oktoban 2013, saboda haka wannan labari ba ya ciki.