Gyara tsohuwar mota don direba mai naƙasa: yadda ake yi a Ingila, Jamus da Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman kanikawa da masu walda da ke tambayar yadda ake gyara tsohuwar mota a ƙasashen waje har wanda ƙafarsa ba ta aiki ya tuƙa ta. A gida mukan fara da ƙera sandar ƙarfe a haɗa ta da fedar birki. A nan kuwa sandar ce ake sakawa a ƙarshe, bayan an gama da direban, da birki, da giya, da sitiyari.

A Ingila mutum yakan fara da zuwa ɗaya daga cibiyoyin gwaji na Driving Mobility, a auna ƙarfin damƙarsa da saurin kai hannunsa ga birki, sannan a fita da shi titi a motar gwaji. Dole a sanar da hukumar lasisi ta DVLA, ita kuma ta rubuta lambobi a bayan lasisin: 78 otomatik kaɗai, 20 birkin da aka sauya, 25 totur, 40 sitiyari. Jamus ta fi tsanani, domin ban da rahoton likita sai injiniyan TÜV ko DEKRA, wato cibiyoyin gwajin lafiyar mota, ya duba aikin, an shigar da shi cikin takardun motar. A Amurka kowace jiha da dokarta, amma galibi ƙwararren mai horar da direbobi masu naƙasa ne ke rubuta kayan da suka dace, garejin da ke cikin NMEDA, ƙungiyar masu sayar da kayan mota na naƙasassu, ya ɗaura.

Kada a ɗauka gwamnati ce ke biya. Shirin Motability na Ingila mai sama wa naƙasassu mota, wanda aka kafa a 1977, sababbin motoci yake ba da haya, yawanci na shekara uku, don haka mai tsohuwar mota galibi daga aljihunsa zai yi komai. Sauƙin da yake samu shi ne cire masa harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kayan da aka ƙera don naƙasassu. Motar da ta kai shekara 40 an yafe mata MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. A Jamus shekara 30 ce ke ba mota lambar tarihi mai harafin H. Shi ya sa garejin kirki ba ya huda bodi ko yanka dashbod. Da noti ake ɗaure komai, yadda za a iya kwancewa motar ta koma yadda take.

Birki shi ne uwa-uba. Sandar hannu da aka fi sani, idan ka tura gaba birki ne, idan ka jawo totur ne. Ana kafa ta a jikin bututun sitiyari, ƙarfe ɗaya ya sauka zuwa fedar birki, ɗaya zuwa totur. Matsalar ita ce hannu bai kai ƙafa ƙarfi ba, ga shi yawancin motocin shekarun 1950 da 1960 birkin ganga ne ba busta, wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi. Sai a sa bustar gefe tsakanin masta, wato famfon da fedar birki ke turawa, da bututun man birki, a jawo mata tiyo daga manifol ɗin injin. Akwai mai ninka ƙarfi 1.9, akwai mai ninka 3. Idan an sa wadda ta yi wa ƙaramar mota yawa, da an taɓa sandar tayoyi su kulle. A kan tiyon dole a sa bawul mai hana iska komawa, don injin ya mutu a gangara a samu sauran birki. Injin dizal ba ya ba da wannan zuƙar, sai an sa masa famfo. Masta mai layi ɗaya kuma a canza ta da mai layi biyu, tunda idan bututu ɗaya ya fashe a tsohon tsarin, birkin tayoyi huɗu ne ya tafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gajerar tafiyar sanda. Birkin ganga yana cinyewa, feda ta riƙa nutsewa ƙasa, sai wata rana hannun sandar ya daki dashbod kafin birki ya kama sosai. Ana gwadawa ne ta buɗe noti ɗaya na fitar da iska, a tura feda har ƙasa da sandar, a ga ko akwai sauran fili.

Giya kuwa, shawarar masana ita ce a sayi motar da ta fito otomatik daga kamfani. Mercedes W123 da aka fara sayarwa a 1976, da Peugeot 504 mai giyabos ɗin ZF, duk akwai su a haka. Motocin Ingila da dama, irin su Rover P6 da Triumph 2000 da wasu MGB, sun fito da Borg-Warner 35 mai giya uku. Mayar da manuwal otomatik aiki ne babba: a sauya filawil, a rage ko a ƙara tsawon furofela, a sa abin sanyaya man giya a gaban lagireto, a haɗa wayar da ke sauke giya idan an danne totur. Abin da aka fi mantawa shi ne makunnin da ke hana mota tashi sai a P ko N, kuma ga wanda hannunsa ɗaya ke kan maɓalli, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ya nace sai manuwal, akwai kuloci na lantarki irin na kamfanin Guidosimplex na Italiya, mai ɗan maɗanni a kan sandar giya. Yana aiki, sai dai hannu biyu ne za su raba sitiyari da birki da totur da giya, abin kuwa ba daɗi a cunkoso.

Tunda hannu ɗaya ne ke juya sitiyari da ƙullin da ake ɗaura masa, sai an sa fawa, wato na'urar da ke sauƙaƙa juya shi. A Ingila an saba ciro ta lantarki daga motar Vauxhall Corsa a dasa a ƙarƙashin dashbod. Wajen fakin yakan ja amfiya 30 ko fiye, alhali dainamon Lucas C40 na tsofaffin motocin Ingila amfiya 22 yake bayarwa, don haka sai an sa altaneta da fiyus na musamman. A duba batir tukuna: motocin Ingila da yawa kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙafar fozitif ce ke haɗe da bodi, Volkswagen Beetle kuma volt 6 ce kafin 1967. Idan ba a juya waɗannan ba, na'urar ko dai ta ƙone ko ta ƙi aiki. Sandar sitiyari kuma ba a haɗa ta da walda, sai da mahaɗi mai haƙora.

Tsofaffin motoci na ɓoye wasu abubuwa a ƙasa. Maɓallin ɗaga fitila da sauke ta yakan kasance a daɓe ana taka shi da ƙafar hagu, wasu motocin Amurka da na Mercedes ma hambirkinsu feda ne. Duk sai an dawo da su kusa da hannu. Ana sa faranti a gaban feda don kada ƙafar da ke zabura ta danne totur ko ta shige ƙarƙashin birki. Mai ciwon laka sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafa, salansa kuwa tana gasa daɓen tsohuwar mota, don haka a shimfiɗa abin tare zafi kafin kafet. Mota mai ƙofa biyu ta fi sauƙin shiga daga keken guragu saboda faɗin ƙofar.

Mai son yin oda daga waje ya lura da ɓangaren tuƙi. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, maƙalan sandarsu ba sa zama daidai a motar da sitiyarinta ke hagu, don haka Jamus ko Italiya ko Amurka za a nufa. Busta da masta da na'urar fawa a saye su sababbi. Maƙalar da ke riƙe sanda kuwa ko a nan ma da hannu ake ƙera ta ga kowace tsohuwar mota, kuma mai walda na gida zai iya, in dai ya yi amfani da ƙarfe mai kauri da noti mai kulle kansa, ya kuma bar fedojin asali suna aiki don wani direban ya iya tuƙawa.