Kafin ka sayi abin ɗaga babur, fara leƙa ƙarƙashinsa

Duk wanda ya taɓa shafa wa sarƙar babur mai alhali mashin ɗin yana jingine a kan ƙafarsa ta gefe ya san wahalar. Ka shafa ɗan wuri, ka miƙe, ka tura babur gaba taku biyu, ka sake durƙusawa, haka har sarƙar ta zagayo. A nan ne mutum kan fara tunanin sayen abin da zai ɗaga masa taya sama. Sai dai abubuwan ɗagawar iri-iri ne, kuma wanda ya yi wa babur ɗin abokinka daidai yana iya lotsa maka salansa. Tambaya biyu ce ke raba gardama: a ina babur ɗinka ya yarda a tallafe shi, kuma wane aiki za ka yi masa?

Idan babur ɗinka ya zo da ƙafar tsakiya, wadda makanikai ke kira dabal stan, to rabin matsalarka ta kau. Tana ɗaga tayar baya daga ƙasa da ɗan kaɗan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa wanke sarƙa, ɗaure ta, juye baƙin mai, har da cire tayar baya. Ƙananan babura masu inji 100 zuwa 125, waɗanda nauyinsu bai fi kilo 100 da 'yan kai ba, galibi ba su buƙatar komai bayan wannan. Kada ka kashe kuɗi a kan abin da kamfani ya riga ya ɗaura maka.

Maganar tana farawa ne ga manyan babura masu gudu, domin yawancinsu ba su da ƙafar tsakiya. An cire ta ne don rage nauyi, da kuma kada ta riƙa gogar kwalta idan aka kwanta a kwana. Abin da ya dace da su shi ne maɗagin baya mai ƙananan tayoyi da dogon mariƙi, irin wanda ake gani a filin tsere. Yana kama hannuwan ƙarfen nan biyu da ke riƙe da tayar baya, ka danna mariƙin ƙasa, babur ya tashi. Kamun nasa iri biyu ne. Akwai mai ƙugiya, wanda ke shiga cikin wasu 'yan dunƙulallun ƙarafa da ake ɗaurawa a jikin hannun tayar, akwai kuma mai faffaɗan tafi da aka lulluɓe da roba, wanda ke tallafar hannun daga ƙasa. Ni dai mai ƙugiya na fi yarda da shi, don ba ya zamewa. Mai tafin roba, da zarar man sarƙa ya taɓa shi, sai ya fara santsi. Amma ka duba ko hannun tayar taka yana da ramin ɗaura 'yan ƙarafan, ka kuma auna shi, domin akwai na milimita 6, akwai na 8, akwai na 10, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Wasu baburan Ducati da Honda VFR hannu ɗaya ne kacal ke riƙe da tayarsu ta baya. Su nasu maɗagin daban ne, mai sanda guda da ke shiga ramin tsakiyar taya.

Ɗora babur a kan irin wannan kai kaɗai yana da ban tsoro a ranar farko. Kilo kusan 200 ne a tsaye, hannunka na hagu a kan kujerar baya, na dama a kan mariƙi, kana bayan babur ɗin ba ka riƙe da kansa. Dabarar da na koya ita ce in sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafar gefe don mashin ɗin ya kusa miƙewa, in ɗaure birkin gaba da roba, in saka ƙugiyar hagu tukuna, sannan in miƙar da shi a hankali har ta dama ta kama. Sai na ga duka biyun sun zauna nake dannawa.

Maɗagin gaba kuwa ba a amfani da shi sai an riga an ɗaga baya. Wanda ya fara da gaba, babur zai kife masa. Shi ma kashi biyu ne: mai tallafar ƙasan shokobar gaba, wanda ya isa cire taya ko duba birki, da mai sandar da ke shiga ramin da ke ƙarƙashin wuyan babur. Na biyun ne kaɗai zai ba ka damar zare shokobar kanta, tunda na farkon a kanta nauyin yake.

Sai manyan babura masu nauyi da ƙasa-ƙasa, irin su Harley-Davidson, waɗanda wasunsu sun haura kilo 350. Waɗannan suna da ƙarafan firam biyu da suka bi ta ƙarƙashin inji a miƙe, shi ya sa faffaɗan jak ke musu daidai, ko mai murɗawa da hannu ko mai aiki da matsin mai, wato haidurolik, wanda ake takawa da ƙafa. Za ka ga an rubuta a jikin da yawa daga cikin masu takawar cewa suna iya ɗaukar kilo 680, lambar ta burge ka. Lambar ba ita ce abin dubawa na farko ba. Durƙusa ka leƙa. Idan salansa ko gindin inji ko matatar mai ne suka fi firam sauka ƙasa, to a kansu jak ɗin zai dafa, kuma ba a yi su don ɗaukar nauyin babur ba. Auna kuma tazarar da ke tsakanin ƙasa da firam, ka tabbata jak ɗin zai shiga idan yana a kwance. Mai aiki da mai kuma, ka nemi wanda ke da ƙarfen kullewa, domin man yakan sulale a hankali. Ka bar babur a sama da dare, ka wayi gari ya sauka ya karkace.

A kan irin wannan jak na taɓa shan kunya. Na ɗaga babur sama, sannan na tuna ban kwance notin tayar baya ba, notin da ake ɗaurewa da ƙarfin gaske. Na sa sifana na danna da dukan jikina, sai na ga mashin yana tahowa kaina a hankali. Da kafaɗa na tare shi, madubi ɗaya ya tafi. Tun daga ranar nake sassauta duk wani noti mai tauri tun taya tana ƙasa, kuma ba na ɗaga babur a jak sai na ɗaure shi da igiya ta ɓangarori biyu. Ka tuna kuma, da ka zare taya ɗaya nauyi ya koma ɗaya ɓangaren.

Baburan tseren daji ba su da wannan dogon lissafi. Ba su da nauyi, ƙasan injinsu a shafe yake, ɗan teburi mai roba a kai ya wadatar.

Babban teburin nan da ake hawar da babur gaba ɗaya a kai, a ɗaga shi har ƙugu, daɗin aiki gare shi, musamman ga mai ciwon baya. Amma tsawonsa ya kai mita biyu, yana cin wuri, kuma mutane kan manta cewa tayoyin suna nan a dafe a kansa. In za ka cire taya, sai ka ƙara da wani maɗagin a saman teburin. Ga wanda gyaransa bai wuce na ƙarshen mako ba, ban ga dalilin fara sayayya da shi ba.

Idan ka tsayar da irin da kake so, ɗauki abin a hannu ka jijjiga. Duba kaurin bututun ƙarfen da wurin walda, ka ga ko ta bi layi ko ɗige-ɗige ce. Mai faɗin gindi ya fi tsayawa daram, kuma wanda ake iya buɗe hannuwansa ko a matse su zai bi ka ko ka sauya babur. Kowanne ka saya, a kan shafaffen daɓen siminti za ka kafa shi, domin a kan ƙasa ko tsakuwa ƙafa ɗaya na iya nutsewa kana tsakiyar aiki.