Kwas ɗin mataimakin mai kyamara: yana kai mutum gaba a Kannywood?

Yana taimakawa, amma sai in za a ba ɗalibi kyamara ya riƙe da hannunsa. Kwas na sati biyu da ya ƙare a kan allon aji asarar kuɗi ne.

Abin da ya kamata a fita da shi shi ne iya riƙe fokas, wato sa abin da ake ɗauka ya riƙa fitowa tas a hoto. Da lens (gilashin gaban kyamara) mai 85mm a buɗe sosai, wato f/1.4, ɗan wasa na tsaye mita 2, abin da ke fitowa tas bai wuce santimita 5 ba. In ya ɗan sunkuyo, idonsa ya dushe a hoto. Kwas mai kyau yana sa a auna da tef, a yi alama a ƙasa, a maimaita har hannu ya saba. Yana kuma koyar da saita 25fps (hoto 25 a daƙiƙa) da shata 1/50 (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto), domin wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, in an kauce fitila ta riƙa ƙyaftawa a hoto. Haka sauya lens bakin kyamara na kallon ƙasa lokacin hunturu saboda ƙura, da kwafe katin da ke ajiye abin da aka ɗauka wuri biyu kafin a goge.

Inda yake gazawa: takardar shaida ba ta samo aiki. A Kano mai ɗaukar hoto yakan kira wanda ya gani a lokeshan ne, don haka a tambaya tun kafin biya ko malamin zai tafi da ɗalibai wajen ɗauka.